Wake, rago ko sukuk: ina za ka sa miliyan ɗayan da ka samu a kaka?

Daga Nuwamba zuwa Disamba, bayan an kai riɗi da zoɓo Maigatari ko Gujungu an karɓi kuɗi, manomi da ɗan kasuwar ƙauye kan riƙe kuɗin da ba sa riƙe irinsa a sauran watannin shekara. Hanyoyi uku aka fi shawartar mutum a kansu: ya sayi wake ya ajiye zuwa bazara, ko ya turke raguna don Babbar Sallah, ko ya sayi sukuk, takardar zuba jari ta tsarin Musulunci da gwamnatin tarayya ke fitarwa. Kowace hanya tana da masu yabonta, kuma kowa da ribar da ya taɓa ci yake kafa hujja. Matsalar ita ce ba da ma'auni ɗaya suke awo ba. Mai wake yana ƙirga bambancin farashin saye da na sayarwa, mai rago ya manta da dusar da ya saya kullum, mai sukuk kuma bai cire hauhawar farashi ba. Masu lissafin jari a manyan kasuwanni suna da tambayoyi uku da suke yi wa kowace kadara: nawa take kawowa bayan an cire komai, nawa take cinyewa a mummunar shekara, kuma da wa take faɗuwa tare. Waɗannan tambayoyin suna aiki a kan buhu da turke kamar yadda suke aiki a kan hannun jari.

Farashin wake da na rago da za a gani a ƙasa misali ne don a bi lissafin. Ka cire su ka sa na kasuwarku. Alƙaluman sukuk da na hauhawar farashi kuwa na gaske ne.

Ajiyar wake

A ce buhu naira 60,000 ne a Disamba. Kafin ya koma kasuwa a Yuni zai ci buhun ajiya, lodi da dako zuwa sito, hayar sito ta wata shida, dakon komawa, la'adar dillali da kuɗin kasuwa. A ce duk waɗannan naira 9,000 ne. To jarinka a kan buhu 69,000 ne, a kansa za a auna riba. Idan ka sayar 78,000, bakin kasuwa zai ce ka ci kashi 30 cikin ɗari, domin daga 60 aka ƙirga. Raba 78 da 69 ka gani: kashi 13 ne.

Farashin Yuni ba a san shi a Disamba ba, saboda haka ba a yin lissafi da lamba ɗaya. Ana ɗaukar uku: shekara mai kyau, tsaka-tsaki da mummuna, a ba kowace nauyinta gwargwadon yadda take yawan zuwa. A ce cikin shekara goma, uku farashi ya kai 95,000, biyar ya tsaya 78,000, biyu ya faɗo 52,000. Wato riba kashi 38, riba kashi 13, faɗuwa kashi 25. Ninka kowace da nauyinta ka tara: 11.4 da 6.5, a cire 5, ya rage kusan kashi 13 a wata shida. Wannan shi ne abin da za ka sa rai da shi a tsawon shekaru. Shekara ɗaya ba ta yi maka alkawarinsa ba.

Mutane da yawa sukan ƙi sa mummunar shekara a lissafi, su ce hatsi ba ya faɗuwa a bazara. Waɗanda suka cika sito a kakar 2024 sun ga akasin haka. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara, shinkafar da ba a gama gyarawa ba, alkama da wake na tsawon kwana 150, sannan a 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka a lokacin da aka saba ganin ya hau, masu ajiya da dama suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Akwai kuma haɗarin hukuma: a Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Mai buhu goma a ƙauye ba shi ake nema ba, amma irin wannan mataki yana girgiza farashi har ya iso kansa. Shi ma kansa ya kamata ya san iyakar da shari'a ta sa tsakanin ajiyar kasuwanci da ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin matsi, ya tambayi malaminsa tun kafin ya saya.

Asarar da ta fi cin masu wake ma ba ta farashi ba ce, ƙwaro ne. Waken da aka zuba a buhun gargajiya ba magani, cikin 'yan watanni zai huje, darajarsa ta zube. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, yana da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, aikinsa hana iska shiga har ƙwaron ya mutu. Yana aiki ne idan waken ya bushe sarai, an matse iskar kowace leda, an ɗaure kowace daban, an ɗora buhunan a kan katako nesa da bango. Huda ɗaya ta ɓera ko ta tsinke ta ɓata aikin. Wanda ke buɗewa kowane mako don ya duba, shi ke shigar wa ƙwaron da iska da hannunsa.

Turkar rago

A ce ka sayi ramammen rago mai ƙashi a Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, kwana ɗari kafin Sallah, kan naira 120,000. Harawa, dusa, kowar wake da angurya a ce naira 500 a rana, 50,000 ke nan. Rigakafi da maganin tsutsar ciki 5,000, mota da la'ada 5,000. Jimla 180,000. Farashin sayarwa uku: 250,000, ko 215,000, ko 165,000 idan kara ta cika masu saye suka yi ƙaranci. Kafin a fitar da riba sai a cire mutuwa. Idan aka ɗauka rago ɗaya cikin ashirin yana mutuwa, kowane farashi a ninka shi da 0.95. Sakamakon: riba kashi 32, riba kashi 13 da rabi, faɗuwa kashi 13. Da nauyin uku, biyar, biyu, matsakaicin ya kama kusan kashi 14 cikin kwana ɗari. Takin da ke taruwa a turke ƙari ne da ba mu sa ba, wahalar mai ba da abinci da ruwa ma ba mu sa ba. In yaro za ka ɗauka ka biya, ka sa kuɗinsa.

A nan akwai kuskuren lissafi guda biyu da suka zama ruwan dare.

Na farko, a ce tunda kashi 14 ne a kwana ɗari, a shekara ya haura kashi 50. Wannan zai yiwu ne kawai idan za ka iya maimaita cinikin sau uku da rabi a shekara da farashi iri ɗaya, Babbar Sallah kuwa sau ɗaya take zuwa. Ragon suna da na mahauta suna da kasuwa duk shekara, amma ba da kuɗin layya ba. Abin tambaya shi ne me kuɗin zai yi a sauran kwana 265. Idan zama zai yi a akwati, ribarka ta shekara kashi 14 ce, ba ƙari.

Na biyu ya fi haɗari. Mutuwar ɗaya cikin ashirin lissafin mai garke ne. Miliyan ɗaya raguna biyar take turkewa, kuma mai raguna biyar ba ya asarar kashi 5. Ko dai bai rasa komai ba, ko ya rasa kashi 20 a dare ɗaya. Yiwuwar a rasa aƙalla ɗaya cikin biyar ana samun ta ne da ninka 0.95 da kanta sau biyar, ya ba da 0.77, a cire daga ɗaya: kashi 23, kusan sau ɗaya cikin huɗu. Wannan ma idan kowane rago da ajalinsa daban ne. Cutar PPR, mai sa majina, gudawa da gyambon baki, ba ta ɗaukar ɗaya ta bar saura a turke guda. Shi ya sa allurar rigakafinta, wadda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da ware sabon rago daga sauran na mako biyu, suke cikin lissafin jari kai tsaye. Naira dubu kaɗan ce take rage yiwuwar asarar dubu ɗaruruwa.

Sukuk

Ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, ya fara fitar da sukuk a Satumbar 2017: naira biliyan 100, shekara bakwai, kuɗin haya kashi 16.47 a shekara. Na 2020 ya zo da kashi 11.2, na 2025 da kashi 19.75. Tsarin ijara ne. Kuɗin masu saye ake gina hanyoyi da shi, gwamnati tana biyan haya sau biyu a shekara, ta mayar da uwar kuɗi idan wa'adi ya cika, kuma kwamitin malamai masu ba Babban Bankin Najeriya shawara kan harkar kuɗi ta Musulunci ya amince da shi. Ana shiga da naira 10,000. Miliyan ɗaya a kan kashi 19.75 tana kawo 98,750 duk wata shida, ba dako, ba ƙwaro, ba dillali.

Rauninsa hauhawar farashi ne, kuma ana auna shi da rabawa. Ɗauki 1.1975 ka raba da ɗaya haɗe da hauhawar shekarar. Idan hauhawa kashi 15 ce, ribarka ta gaske kashi 4 ce. Idan kashi 25 ce, ka yi asarar kashi 4 duk da kuɗin da ke shigowa asusunka. Wanda ya sayi na 2020 ya ga wannan da idonsa: hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawa ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Raba 1.112 da 1.348, za ka ga abin da kuɗinsa ke iya saya ya ragu da kusan kashi 17 da rabi a shekara guda. Buhun gero bai san wannan ciwon ba, domin shi ne abin da ke tsadar.

Sai batun fitar da kuɗi. Sukuk yana kasuwar hannun jari ta NGX da FMDQ, ana iya sayarwa kafin wa'adi ta hannun dillalin hannun jari mai rajista, amma ba aikin yini ɗaya ba ne ga mutumin Garki ko Ɓaɓura, kuma idan sabon sukuk ya fito da haya mafi tsoka, tsohon naka sai ka rage masa farashi kafin a saya. Ba kullum ake buɗe sayarwa ba, sai DMO ta yi sanarwa. Kafin nan ana iya ajiye kuɗin a asusun mudaraba na bankin da ba ya harka da ruwa, irin su Jaiz, TAJ ko Lotus, da sanin cewa rabon riba ne, adadinsa yana canzawa.

A ma'auni ɗaya

Yanzu ana iya jera su. Sukuk na 2025 yana ba da kusan kashi 10 a wata shida, kashi 5 da ɗigo 4 a kwana ɗari. Tunda wannan kuɗi ne da ake samu ba tare da an ɗauki buhu ba, duk wata harka sai a tambaye ta abin da ta ɗara shi da shi. Wake ya ɗara da kashi 3 kacal. Rago ya ɗara da kusan 8 da rabi.

Sai a auna girman hawa da saukar kowanne. Ana cire matsakaici daga sakamakon kowace shekara, a ninka abin da ya fito da kansa, a ninka da nauyin shekarar, a tara, a danna alamar √ a kalkuletar waya. Na wake: 25 sau 25 sau 0.3, da 38 sau 38 sau 0.2, jimla 476, ya ba da 22. Na rago ya ba da 16. Raba ƙarin da aka samu a kan sukuk da wannan lambar, dabarar da William Sharpe ya kawo a 1966: wake 0.14, rago kusan 0.54. Ma'ana, a waɗannan farashin, wake yana sa ka cikin haɗari mai yawa don ƙari ɗan kaɗan. Idan ka samu wake a 52,000 maimakon 60,000, hoton zai juye gaba ɗaya, wannan ne ya sa farashin saye ya fi komai muhimmanci a ajiya. Kada kuma a manta 16 ɗin rago ya ɓoye haɗarin mutuwar da muka gani a ƙaramin turke.

Akwai wani abu da matsakaici ke ɓoyewa. Wanda ya ci kashi 50 bana ya faɗi kashi 40 baɗi, matsakaicinsa riba ce ta kashi 5, amma miliyan ɗinsa ta zama miliyan ɗaya da rabi, ta dawo 900,000. Wanda ya rasa rabin jari sai ya ninka abin da ya rage kafin ya dawo inda yake. (Da irin wannan ninkawar ake gane 'yan damfara. Mai alkawarin kashi 30 duk wata yana cewa ne kuɗinka zai ninku sau 23 a shekara. MMM a 2016 da CBEX a 2025 sun nuna inda irin wannan alkawari ke ƙarewa.)

Wa ke faɗuwa tare da wa

Harry Markowitz ya nuna a 1952 cewa haɗarin jarin da aka raba ya dogara ne ga yadda kadarorin ke tafiya da juna, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1990. Ana auna tafiya tare da lamba daga 1 zuwa ɗebe 1. Ɗauki kadara biyu, kowace hawa da saukarta 20, ka raba kuɗi biyu daidai. Idan tafiyarsu ɗaya ce sak, haɗarin yana nan 20. Idan ba ruwan ɗaya da ɗaya, ya sauko 14. Idan suna ɗan saɓa wa juna, lambar ta zama ɗebe 0.5, ya sauko 10.

Wanda ya sayi masara, dawa da gero yana ganin ya raba ƙafa, alhali ukun kusan tare suke hawa tare suke sauka, damina ɗaya da manufar gwamnati ɗaya ke juya su. Riɗi da zoɓo sun fi bin kasuwar waje da farashin dala, don haka sun ɗan bambanta. Wake da rago kuwa sukan saɓa: shekarar da hatsi ya yi tsada, dusa da harawa sun yi tsada, magidanci kuma ya kashe kuɗinsa a abinci ya rage na layya, mai sito ya ci, mai turke ya matsu. Shekarar arahar hatsi akasin haka. Sukuk yana cin riba ta gaske ne daidai lokacin da farashin kaya ya kwanta, wato lokacin da mai ajiya ke kuka. Amma akwai ranar da komai ke faɗuwa tare. A ƙarancin takardun naira na farkon 2023, hatsi da dabba duk an karyar da su ga mai tsabar kuɗi a hannu. Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya taɓa hatsi da dabbobi a Maigatari lokaci guda.

Yadda za a raba

Hanya ta farko ita ce a bi lissafin Markowitz har ƙarshe, kwamfuta ta fitar da rabon da ya fi. Ga mai jari a ƙauye ba mu ba da shawararta ba. Tana buƙatar tarihin farashi mai tsawo kuma sahihi, sannan ƙaramin kuskure a hasashen riba yana sa ta tura kusan duk kuɗin wuri ɗaya. Hanya ta biyu raba daidai. Ana raina ta, amma wani bincike da DeMiguel, Garlappi da Uppal suka wallafa a 2009 ya gwada dabarun lissafi goma sha huɗu, bai samu wadda ke doke rabon daidai a kai a kai ba. Hanya ta uku ta A. D. Roy ce, ita ma ta 1952: fara da adadin asarar da ba za ka iya wucewa ba, ka gina rabon a kansa. Ita ta fi dacewa da mutumin da jarinsa shi ne kuɗin takin baɗi.

Ga yadda take aiki. Da farko a ware abincin gida na shekara, wannan ba jari ba ne, ba a sa shi a lissafi. A ce daga miliyan ɗin, asarar da za ka iya ɗauka ka kuma yi noma ita ce 100,000. Wake buhu huɗu, 276,000. Rago biyu, 360,000. Sukuk 250,000. Tsabar kuɗi 114,000 don rashin lafiya da abin da ba a zata ba, domin wanda ba shi da wannan shi ke fitar da wakensa a Fabrairu ko ragonsa wata guda kafin Sallah. Idan wake da rago suka ɓaci tare, ka rasa 68,000 da 46,500, sukuk ya mayar da 24,700, asara ta tsaya wajen 90,000. A matsakaiciyar shekara kana sa ran 110,000. Kwatanta da wanda ya zuba duka a wake, buhu 14: yana sa ran 125,000, mummunar shekara kuma ta cinye masa 238,000. Ƙarin 15,000 yake nema da buɗe ƙofar asarar da ta haura ta farkon da kusan 150,000.

Wannan rabon yana da rami ɗaya. Mutuwar rago ɗaya cikin biyun, wadda yiwuwarta ta kusa ɗaya cikin goma, asarar da za ta iya kai 180,000 ce, ta tsallake iyakar da aka sa. Maganinta haɗin gwiwa: mutum goma su haɗa raguna ashirin, kowa yana da kashi goma na duka, a raba su turke biyu ko uku a gidaje daban saboda cuta. Sai an rubuta yarjejeniya gaban shaidu: nawa kowa ya sa, wa ke kiwo da nawa ne ladansa, wa ke da ikon sayarwa, kuma asara tana bin gwargwadon jarin kowa. Wanda bai samu abokan da ya yarda da su ba, gara ya rage rago ya ƙara sukuk. Mai sito nasa da motar dako, wanda kuɗin ɗawainiyarsa bai kai 9,000 a buhu ba, yana iya ƙara wake. Dattijo ko gwauruwar da ba ta da mai yi mata zirga-zirgar kasuwa, sukuk ya kamata ya fi yawa a nata, tare da ɗan hatsi da zai kare ta daga tsada.

Zakka ma tana cikin lissafi: kashi biyu da rabi na kuɗi da kayan kasuwanci idan sun kai nisabi shekara ta zagayo. A mazhabar Malikiyya, mai ajiye kaya yana jiran farashi yana fitarwa ne idan ya sayar, mai juya kaya kullum kuma yana ƙiyasta su duk shekara.

Kuɗin ragunan ba zai zauna banza daga Disamba ba. A lokacin ne harawa da kowar wake suka fi araha, sai a saya a ɗora a kan rufi ko rumfa inda ruwa da akuya ba sa kai wa, wannan kaɗai yana iya rage naira 500 ɗin nan ta kullum. Sai dai lokacin yana matsowa. Babbar Sallah ta kama 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025, tana ja baya da kwana goma zuwa sha ɗaya duk shekara, zuwa 2030 za ta faɗo wajen tsakiyar Afrilu. A lokacin, sayen ragon turka zai koma farkon Janairu, dab da sayen wake, abincin dabba zai fi sauƙi, amma harkokin biyu za su nemi kuɗi a wata ɗaya, kuma za a sayar da rago wata biyu kafin wake ya kai farashinsa. Saboda haka kowace kaka sai an sake zama da biro da takarda, da farashin Dawanau da na kara na makon da ake ciki.